Bishiyar Da Ba A Kashe Ba

Ba mutanen Kallubetta ne suka fara ganin ɓarnar ba, kuma wannan shi ya fi ƙona wa Konura rai. Mutumin da ya yi furfura yana bin sawun giwa a kurmin nan, wanda in barewa ta gifta da safe zai gaya maka ko ciki gare ta, sai ga shi wata baƙuwa daga birnin Maisur ce ta zo ta nuna masa rami a dajin kakanninsa, a fuskar waya!

Shailaja sunanta, wakiliyar masu sayen gahawar ƙungiyar manoman ƙauyen. Ta tsaya a ƙofar sito ta ɗaga wayar kowa ya gani.

"Wannan hoton bara ne, daga sama aka ɗauko shi. Kore shar. Wannan kuma na bana. Kun ga tabon nan?"

Sun gani. Nan take aka ɗunguma aka haura dutse, Konura a gaba.

Ƙanshi ne ya fara tarbar su, ƙanshin furen gahawa, a inda ba wanda ya taɓa jin an dasa gahawa. Da suka kutsa ta cikin gora suka fito fili, sai kowa ya tsaya cak. Manyan bishiyoyi ne a tsaye matattu, waɗanda tun kakan kakan Konura suke nan. Ba sare su aka yi ba, don da an sare da an ji faɗuwarsu har ƙauye. Zagaye kowacce aka yi da gatari aka ɗaye mata ɓawo, aka bar ta ta mutu a hankali, ganye ya zube, rana ta samu hanya. A ƙarƙashinsu kuwa ga gahawa nan layi-layi, ta yi fari fat da fure, ta ƙoshi kamar 'yar gata. Wannan ba aikin bana ba ne. Wani ya daɗe yana zuwa nan, yana komawa ƙauye yana cin tuwo da mutane.

Bishiya ɗaya ce ta tsira, wata shirgegiya a tsakiyar filin, saƙar zuma na reto a rassanta. Jadeya, ƙanin matar Konura, ya je ya jingina bayansa da ita ya harɗe hannuwa yana girgiza kai.

Konura ya dafa ɗaya daga cikin matattun, ɓawonta ya marmashe a hannunsa. "Tir," ya ce. "Tir da hannun da ya yi wannan."

Shailaja ba ta ɗaga murya ba. "Ku ji ni da kyau. Kowane buhu da ke sitonku yana ɗauke da alamar gonar da ya fito. Mai shan gahawarku a Turai yana ɗora waya a kan leda ya ga fuskar manomi da inuwar da ta rufe gonarsa. Abin da yake saye ke nan, gahawar da ba a kashe bishiya dominta ba. Ta wannan filin kuwa ta shiga buhun wani. Har sai na san buhun wa, ko ƙwaya ɗaya ba za ta bar sito ba. Ran kasuwa zan dawo."

Sauran ba sai an faɗa ba. Duk wanda aka kama, ƙungiya za ta kore shi, malaman daji su karɓe gonarsa, su da ma dalili suke nema.

Nanjayya, shugaban ƙungiya, ya cire mayafin kafaɗarsa yana ta goge gumi. "To ta ina za mu fara?"

"Ga hanya nan ƙuru-ƙuru," in ji Jadeya daga inda yake jingine. "A bi ta mana."

Aka bi ta. Ta gangara ta dire a shingen gonar Halagamma, tsohuwar da mijinta ya mutu, mai gonar ƙarshe a bakin daji. Kai, ka ga yadda fuskoki suka saki! Mutanen da yanzun nan suke huci sai ga su suna ajiyar zuciya, don laifi ya faɗa kan wadda ba ta da mai tsaya mata.

* * *

Konura ya same ta a ƙofar bukkarta tana tsince tsakuwa daga cikin tamba.

"Avva, sannu da aiki," ya ce, da sunan da suke kiran uwa da shi.

"Ƙafata ka zo aunawa? Ga ta." Ta miƙo masa gwiwa a kumbure kamar kabewa. "Da ita nake hawa dutse da gatari, in kowa ya tafi gona."

"Ba cewa suke ke kika sara ba. Cewa suke ɗanki Sidda ne."

"Sidda!" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Siddan da in ya ga kashin giwa yake juyawa gida da gudu? Tun da ya tafi ƙwadagon citta a Kodagu ban sake ganin ƙeyarsa ba, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Da ma shi ne, Konura. Da na san ɗana yana zuwa kusa da ni."

Konura ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya iya fitar da ta gaba. "Sun kuma ce buhunanki sun yi yawa bana."

"Sun yi yawa don na yi wa itatuwana aski a kan kari, na kwashi kashin akuya da hannuna na zuba musu, lokacin da masu maganar suke kwance a inuwa suna soson ciki. Yanzu ƙwazo ma laifi ne?" Ta nuna wani itace a ƙarshen gona da haɓarta. "Mijina yana kwance a gindin wancan. In suka karɓe gonar, a ina zan riƙa ajiye masa abinci ran tunawa da shi? A bakin titi?"

Sai ya tashi ya koma wa abin da ya iya.

Jama'a sun ga hanya ta dire a shinge sun juya, don abin da suke so su gani ke nan. Shi kuwa ya durƙusa. Hanyar ba ta ƙare a nan ba. Ta ratsa ƙarshen gonar ta faɗa kan duwatsun rafi, inda ƙafa ba ta barin sawu. Amma mai ɗauke da buhu dole ya huta. A gefen wani dutse ya ga inda gansakuka ta goge, an sha jingina kaya a wurin, kuma tsayin wurin ya kai kafaɗar dogon namiji. Gaba kaɗan, a cikin laka, ga 'yan tsiron gahawa sun ɓullo a jere, ƙwayoyin da suka zube daga buhu ruwan farko ya tashe su. Ya bi su har inda suka haɗu da hanyar giwaye. Nan ya ga wayon mutumin: sai garke ya kusa wucewa yake bi, giwaye su zo su shafe masa sawu. Daga can hanyar ta faɗa babbar hanyar ƙauye, inda ƙafar kowa take.

Dogo ne, ɗan daji ne, kuma a cikin ƙauye yake kwana. Irin wannan kuwa sun fi a ƙirga a Kallubetta.

* * *

Da yamma Jadeya ya zo cin tuwo, kamar kullum. Ba baƙo ba ne a gidan, kuma ba don ƙanin matar gida ne kawai ba. A wurin masu zuma na dutsen nan, wanda zai hau bishiya ko ya sauka a fuskar dutse ba ya ba ɗan uwansa igiya, ba ya ba amininsa. Ƙanin matarsa yake ba, don shi ne mutum ɗaya da ba zai so yayarsa ta zama gwauruwa ba. Tun auren Konura da Kethi, Jadeya ke riƙe masa igiya, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa motsi ba.

Kethi ta dire musu tuwon tamba da miyar ganye. "Ku ci. Yau duk ƙauye ba mai magana sai ta Avva Halagamma, kamar ba ita ta karɓi haihuwar rabinsu ba."

"Akka, tausayi daban, gaskiya daban," in ji Jadeya ga yayarsa, yana mulmula loma, sannan ya juya ga mijinta, wanda yake kira Bava. "Bava, me ƙasa ta gaya maka?"

"Gansakuka da tsiro," Konura ya ce. "Ba abin da zan kai gaban taro."

"Ni kam," Kethi ta ce wa ƙaninta, don ta kawar da zancen, "ina bishiyar nan da ka ce ka gano wa Bavanka? Tun ruwan farko kake cika mana baki, wai saƙar zuma har ba ta ƙirguwa."

"Af, wannan? Sun tashi, Akka. Ƙudan sun tashi."

"To ka je ka kwance alamarka mana, kada ka tare wa wani."

"Haba Akka! Wa ke kwance alama kaka ba ta fita ba? So kike mijinki ya faɗo?"

Kethi ta tofar da yawu gefe, ta kai masa dukan wasa da ludayi. Haka abin yake tun kakanni: wanda ya fara ganin ƙuda sun sauka a bishiya zai kafa tsinken gora a jikinta ya ɗaura ƙullin gidansu, zumar ta zama tasu. In kuwa aka kwance ƙullin kafin kakar zuma ta fita, mai hawa na gidan ba zai ƙare kakar da rai ba. Konura yana jin su sama-sama, hankalinsa yana can wurin gansakuka.

* * *

Washegari ya gangara bakin titi, don a gefen rafi ya ga sawun tayar a-kori-kura, kuma a-kori-kura ɗaya ce ke hawowa Kallubetta. Ya sami mai ita, Puttaswami, a rumfar mai shayi.

"A'a, sarkin sawu da kansa! Zauna. A ba shi shayi, a cika sukari, fuskarsa na bukata."

"Me ya kai motarka bakin rafi?"

"Itacen girki. Busasshe, wanda ya faɗo da kansa. In laifi ne, to da ni da matar shugabanku za a ɗaure, ita ta saya."

"Kowa ya san kana sayen gahawa ta bayan fage, ba ka tambayar gonar da ta fito."

"Ina saye, ban musa ba. Amma dube ni da kyau." Ya ɗaga ƙafa ɗaya, silifas na reto. "Ni ɗan gangare ne. In na shiga kurminku, kafin in kai inda kuke faɗa matsattsaku sun shanye ni tas, sai dai a tsinci hulata. Kuma bari in gaya maka abin da ba ka tambaya ba. Ni arha nake saye. Wanda ya yi shekaru yana wannan wahala ba don farashina ya yi ba. Gahawar tana kwance a sitonku, da alamar mutumin kirki a wuyanta."

Konura ya shanye shayin ya tashi. Mutumin ɗan iska ne, amma a wannan gaskiya ya faɗa.

A ƙofar sito ya tarar da Nanjayya. Ya kwashe duk abin da ya gani ya gaya masa, dutsen, tsiron, hanyar giwaye.

"Gansakuka zan kai wa Shailaja?" in ji shugaba. "Suna take so, Konura. Suna ɗaya."

"Ko na wanda bai yi ba?"

"Dubi ƙauyen nan. Kowane gida jiran ƙofar nan yake ta buɗe. Damina ta kusa kankama, in gahawa ta ja damshi mun tashi a banza. Tsohuwa ce, nawa ya rage mata? Ba za mu bar ta da yunwa ba. Za mu riƙa kai mata tamba."

"Tamba!" Konura ya ji kansa ya yi zafi. "Ku ƙwace mata gona da kabarin miji, ku shafa mata kashin kaji a gaban duniya, sannan ku kai mata tamba a ƙoƙo ta yi muku godiya? Nanjayya, ko kunya ba ka ji? Ita fa ta yanke maka cibiya!"

"Kawo mini wani sunan, in kana da shi."

Wannan gaggawa ta shugaba ta sa Konura ya tsaya ya ƙare masa kallo, yana auna kafaɗarsa da dutsen rafi. Ina! Nanjayya gajere ne kamar turmi, ko ya yi ɗage ba zai kai wurin ba. Ba ɓarawo ba ne, matsoraci ne kawai, kuma a ranar Konura bai san wanne ya fi muni ba.

* * *

Ana gobe kasuwa ya sake haurawa filin shi kaɗai. Ƙafafun jama'a sun tattake komai. Ya zagaya ya zagaya, idonsa a ƙasa, ƙasa ta ƙi ce masa uffan. Da ya gaji sai ya zauna a kan wani kututture, ya ɗaga kai don ya sha iska.

Inuwa ce ta rufe masa fuska, inuwar bishiyar tsakiya.

Ya daɗe yana kallonta. Ita ta fi kowacce girma, ita ta fi tare rana. Gahawar da ke ƙarƙashinta ma ta fi sauran ƙanƙanta, furenta jefi-jefi. Wanda ke neman rana, ai da ita zai fara. Ɗan Halagamma da ita zai fara, Puttaswami da ita zai fara, kowane manomi da ita zai fara. Mutum iri ɗaya ne zai kashe duk na kewaye ya kasa ɗaga mata gatari: wanda ya dube ta tun ba ƙuda ya san irin bishiyar da ƙuda ke so ce.

Ya tashi ya nufe ta. Ya zagaya ta gefen da Jadeya ya jingina rannan, tun zuwansu har tafiyarsu bai gusa ba.

Ga tsinken gora nan a kafe, daidai tsakiyar bayan dogon mutum. Ga igiyar kurmi a ɗaure, ta bushe ƙayau, ta riga zuwan Shailaja nesa ba kusa ba. Ƙullin kuwa mai kunne biyu ne, jelarsa ta koma ciki ta sake komawa. Konura bai bukaci ya matsa kusa ba. Wannan ƙullin shi ne abu na ƙarshe da yake dubawa a ƙugunsa kafin ya saki ƙasa.

Ya zauna daɓas a gindin bishiyar. Ya tuna fuskar Kethi, ya tuna ludayin. Tsinken bai fi tsawon yatsa ba, fizga ɗaya zai fita, a jefa shi cikin gora shi ke nan, ba wanda zai sani har abada. Sai kuma ya ji muryar Jadeya a kunnensa, a sake, ba ko rawa: "Ga hanya nan ƙuru-ƙuru. A bi ta mana." Nan baƙin ciki ya koma fushi. Kashe bishiyoyin ya yi masa ciwo, amma ba kamar wannan ba. Mutum ya rufe laifinsa da bayansa, ya miƙa hannu ya nuna ƙofar tsohuwa!

* * *

Ran kasuwa aka taru a ƙofar sito. Shailaja ta iso, malaman daji biyu na biye da ita. An ajiye wa Halagamma tabarma ita kaɗai a gefe, kamar mai cuta.

Nanjayya ya gyara murya zai fara, Konura ya tare shi.

"Ba a nan za a yi ba. Inda aka yi ɓarna, can za a yi magana."

Aka yi ta gunaguni, amma Shailaja ta ce a tafi. Halagamma ta ƙi yarda a goye ta. Da sanda ta hau, tana tsayawa tana haki, duk taron dole ya bi tafiyarta, kuma ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Har Puttaswami ya biyo, yana tsalle yana kakkaɓe matsattsaku yana zagin kakanninsu.

Suna isa Jadeya ya nufi bishiyar tsakiya zai jingina.

"Tsaya nan kusa da ni," in ji Konura.

Jadeya ya dube shi. Ya dawo.

"Wanda ya yi wannan dogo ne," Konura ya ce wa taron, "don na ga inda yake hutar da kayansa. Shugaba, ka fita." Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. "Ya san lokacin giwaye. Puttaswami, ka fita, Sidda ma ya fita. Gahawarsa ba ta tsaya a gonar Avva ba, ta wuce cikin ƙauye, tsironta yana nan a bakin rafi ga mai son gani. Yana tsaye a cikinmu yanzu. Ina roƙonsa ya buɗe baki da kansa, kafin in buɗe nawa."

Konura ya jira. Ya jira har jiran ya yi yawa, idonsa a ƙasa, yana fata. Ba wanda ya motsa.

"To. Masu zuma, ku matso. Ku gaya mini abin da ya sa aka bar wannan bishiyar."

Tsofaffi uku suka matso suka ɗaga kai, suka dubi juna. Ɗayansu ya zagaya gindin, sai aka ji ya ce, "Kash!" Sauran suka bi shi. Ba wanda ya ambaci suna. Juyowa kawai suka yi gaba ɗaya suka zuba wa Jadeya ido.

"Rannan na ɗaura," Jadeya ya ce da sauri. "Ranar da muka zo tare. Na ga saƙa, na..."

Tsohon ya taɓa jelar igiyar da farce, ta karye ƙas. "Wannan ta sha rana, yaro. Tun saukar ƙuda take nan."

"Tun ruwan farko kake ba yayarka labarinta," in ji Konura. "A gidana, a kan tuwona."

Jadeya ya yi tsuru-tsuru, sannan abin ya ɓalle masa. "Giwaye sun tattake gonata, na dasa, sun sake tattakewa! Wa ya ce mini sannu? Masu shan gahawa a Turai? Su sun ƙare nasu dajin tuntuni, yanzu sun zauna suna gadin namu ta waya! Na ce bari in yi 'yar gona inda giwa ba ta bi. Bishiya nawa ce a kurmin nan?"

"Da ka tsaya a nan, da na ce wahala ce ta kai ka," Konura ya ce. "Da na tsaya maka ma a gaban malaman nan. Amma da bakinka ka ce a bi hanya. Ka san inda ta nufa. Ka zauna kana cin tuwo kana cewa tausayi daban, gaskiya daban!"

Halagamma ta dogara sandarta ta matso har gabansa. Kanta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Da ƙafa ka fito duniya, Jadeya," ta ce. "Uwarka ta kusa tafiya. Wuni guda na yi ina juya ka da hannun nan." Ta juya ga taron. "Ku kuma da kuka yi ajiyar zuciya a bakin shingena, kada ku zaci ban ji ba. Kunnena bai kumbura ba."

Nanjayya ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya huce a kan mai laifi. "Kai kuma wane irin wawa ne? Kwana da kwanaki kana da dama. Me ya hana ka zuwa ka zare ɗan tsinken nan ka jefar?"

Jadeya ya dube shi kamar ya yi tambayar mahaukata.

"Bava ne ke hawa," ya ce.

Konura ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya so ya ci gaba da fushi, fushin ya fi sauƙi, amma ya kasa, sai ya dafa bishiyar.

Malaman daji suka sa Jadeya a gaba. Har sun kai bakin gora ya waiwayo ya ɗaga murya. "Kada wanda ya taɓa ƙullin nan sai kaka ta fita! Kun ji ni? Kada wanda ya taɓa shi!"

* * *

Shailaja ta ware buhunan da ke da alamar Jadeya, sauran suka hau mota. Gonarsa ta tafi. Ta Halagamma tana nan, kuma ran tunawa da mijinta ta ajiye masa abincinsa a gindin itacensa. Nanjayya ya aika mata da tamba, ta mayar masa da abinsa.

Kakar zuma ta kama. Samari biyu suka zo har gida suka ce za su riƙe wa Konura igiya. Kafin ya buɗe baki Kethi ta fito.

"Ku ƙannena ne?"

Suka ce a'a.

"To ku gaida gida."

Ta shiga ɗaki ta sauko da igiyar daga rufi, ta naɗe ta tsaf ta tura ƙarƙashin gadonta. Tun ran kasuwa ba ta yi masa doguwar magana ba, sai yau.

"Daidai ka yi," ta ce, ba ta dube shi ba. "Da ka zare tsinken nan ka bar Avva ta tafi, da ban sake dafa maka tuwo ba. Amma kada ka jira in ce maka na gode. Kuma bana ba ka hawa."

"Kethi, zumar..."

"Na ce ba ka hawa. Ɗaya ya ishe ni rashi."

Bai hau ba. An tumɓuke gahawar filin an dasa 'ya'yan itatuwa, shi aka ba duba su, don haka kusan kullum sai ya wuce ta gindin bishiyar tsakiya. Zumarta ta nuna har ta riƙa ɗiga ƙasa, tururuwa suka yi ta biki. Duk wucewar da zai yi sai ya tsaya ya duba ƙullin, kamar yadda ya saba dubawa a ƙugunsa. Yana nan daram, bai motsa ba.